Waldar da Ba Ta Shiga Ciki Ba

Na kawo wa Baba abincin rana gareji, ban ma ajiye kwanon ba sai ga janwe, motar jan motoci, ya shigo da motar maigidana, gabanta a ɗage, fitila ɗaya a fashe, ganyen shinge maƙale a hancinta. Can na hango shi zaune kusa da direban janwen yana ɗago mini hannu, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Dogo makanike, wanda suke gareji ɗaya da Baba tun kafin a haife ni, ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Ango, shinge ka je yi wa gaisuwa?"

"Shi ya tare ni, Dogo. Na ce wa motar hagu, ta ce ita miƙe ta sani."

Da aka sauke motar, maigidana ya hau ya sa yatsa ɗaya ya wulwula sitiyari. Ya yi ta juyawa kamar faifai, ƙafafun gaba ko motsi ba su yi ba. Ya ce Allah ya taimake shi yana tafiyar hawainiya ne a kwanar bayan kasuwa. Yana faɗa yana dariya.

Watannin baya shi da Yayana suka ɗaga motocinsu. Dukansu kaya suke ɗauka zuwa gonakin kan tudu, kuma hanyar can duwatsu ne da ramuka masu cin cikin mota. Dogo ya sa musu dogayen sifirin da manyan tayoyi, motocin suka yi sama har sai na kama ƙarfe nake hawa. Da suka yi sama, sandar da ke tashi daga akwatin sitiyari zuwa ƙafar gaba ta gaza tsawo. Mai sayar da kayan gyara ya ce doguwar sai an yi odarta. Su kuwa zama ba nasu ba ne, suka zo wurin Baba. Baba mai walda ne, Mai Wuta ake ce masa a gareji, ya yanka sandar biyu ya ƙara mata ƙarfe a tsakiya.

Dogo ya shiga ƙarƙashin motar yana waƙe-waƙensa. Can waƙar ta tsaya. Muka ji ƙarar sufana, sannan ya fito da guntayen ƙarfe biyu, bai kalli kowa ba ya miƙa wa Baba.

Ina tsaye a gefen Baba, don haka na ga bakin karayar. Gefe-gefe akwai ɗan zobe siriri mai ƙyalli, kamar bakin gwangwani. Tsakiyar kuwa baƙa ce, a shafe, har sawun zarto yana nan. Wuta ba ta taɓa isa wurin ba. Wannan ɗan zoben ne kaɗai ya riƙe mijina duk watannin nan.

Baba ya kawo ƙarfen kusa da idonsa, ya nisanta shi, ya sake kawowa kusa. Ya shafa wurin da babban yatsa.

"Ba ta shiga ba," ya ce.

"Mai Wuta, ba ka fiƙe bakin ba kafin ka haɗa?" in ji Dogo a hankali. "Ina bututun da ake zura masa a kai?"

"Na ce zan sa. Yaran na sauri, aka shafa fenti aka ɗaura."

Maigidana ya sunkuyar da kai. "Baba, ai ba komai. Ga ni tsaye. Ƙarfe ne, yana da ranarsa."

Baba bai ji shi ba. Bakinsa ya ɗan buɗe, fuskarsa ta koma kamar toka. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da gareji ya kama wuta.

"Biyu na yi ranar," ya ce.

Ni ba mai magana ba ce a cikin maza, ko a gida sai an tambaye ni. Amma ni kaɗai na san inda ɗaya motar take, don a gabana suka tashi da safe.

"Yaya ya hau tudu," na ce. "Ya kai Umma ta duba Gwaggo. Da Tsigi suka tafi."

Tsigi 'yar Yaya ce, ba ta ma shiga makaranta ba. Ita ta nace sai ta zauna gaba a cinyar Umma.

Maigidana ya zaro waya ya kira Yaya. Ba ta shiga. Ya kira Umma, ita ma haka. Kan tudun nan waya ba ta kamawa sai an hau wani dutse a bayan gidan Gwaggo. Dogo ya jefa wa maigidana makullin tsohuwar motarsa, ya ɗauki guduma da akwatin kayan aiki. Ba wanda ya ce in shiga, ba wanda ya hana ni. Na zauna baya kusa da Baba, sai a hanya na lura kwanon abincin na kan cinyata.

Muka bar kwalta muka kama hanyar dutse. Ƙaramar motar tana buga ciki a ƙasa, Dogo bai ko kula ba, shi da ko tsakuwa ta taɓa ta sai ya yi mita. Baba na riƙe da guntun ƙarfen nan da hannu biyu.

"Umma ta ce da an yi azahar za su juyo," na ce.

"Hawan bai dame ni ba," in ji Dogo. "A saukowa ne nauyi duk yake komawa gaba, ga kwana ga birki..." Ya waigo ya ga Baba, ya haɗiye sauran.

Hanyar ta ƙuntata. Dama dutse ne tsaye, hagu kuwa babu komai, sai kan bishiyoyi can ƙasa. Kowace kwana muka sha, maigidana sai ya rage gudu ya leƙa gefen, ni kuma in rufe ido. Na sha bin hanyar nan ina gyangyaɗi. Ranar na ga kowane wurin da ƙasa ta zaizaye.

"Auta," Baba ya kira ni ba tare da ya juyo ba. "Me kike gani a gaba? Faɗa mini."

Na dube shi. Idonsa na kan gilashi, a buɗe sosai, amma tambayata yake yi. Sai na tuna yadda ya daina karanta lambar sufana, yake gwadawa ɗaya bayan ɗaya, da yadda yake zuba shayi ya wuce bakin kofi. Duk mun ɗauka tsufa ne da gaggawa.

"Hanya ce kawai, Baba. Babu kowa."

Muna shan kwanar da ke ƙasan babban gangare muka gan ta. Motar Yaya ce can sama, a karkace a gefen hanya, hancinta na kallon rami, ƙofofi biyu a buɗe, ba kowa ciki. Maigidana ya taka birki muka yi gaba gaba ɗaya. Dogo ya fara salati. Ni kuwa ban san lokacin da na fita ba, na ji dai duwatsu na sukar tafin ƙafata, takalmi ɗaya ya tsaya a mota.

Takalmin Tsigi na kan kujera. Jakar Umma na ƙasa. Na juya ina dube-dube.

"Ke Auta, lafiya? Wa ya biyo ki?"

Yaya ne, a bayan wani dutse, a inuwa, yana riƙe da gorar ruwa. Umma na zaune a ƙasa ta jingina, ta jiƙa mayafinta ta ɗora a goshi. Tsigi na tara tsakuwa a gefenta.

"Tuƙin yayanki ne ya tayar mini da zuciya," in ji Umma. "Na ce ya tsaya ko in yi masa amai a sabuwar kujerarsa. Wannan motar tun da aka yi mata dogayen ƙafafu take rangaji kamar raƙumi."

Yaya ya ga sauran suna hawowa, ya yi dariya. "Gareji guda kuka kwaso? Baba, har da kai? Wa kuka bar wa shago?"

Baba ya karɓi gudumar daga hannun Dogo. Dogo ya ɗauko manyan duwatsu ya tokare tayoyin, sannan Baba ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa ya ja jiki ya shiga ƙarƙashin motar. Na durƙusa ina kallo. Bai nemi wurin da ido ba, hannu ya sa ya bi sandar har yatsunsa suka tsaya a kan ɗinkin.

"Me ake yi ne?" Yaya ya tambayi maigidana. "Sitiyarina lafiyarsa ƙalau. Da safe na hau da shi, yanzu zan sauka."

Baba ya buga sau ɗaya. Fenti ya tsage. Ya sake bugawa, ba ma da ƙarfi ba, sandar ta rabu biyu, guntun ya faɗo ya daki dutse ya yi ƙara.

Yaya ya tsuguna ya mayar da kallonsa daga bakin karayar zuwa gangaren da ke gabansa, inda hanya ke sauka ta sha kwana a bakin rami. Gorar ta suɓuce daga hannunsa, ruwa ya bi ƙasa. Umma ta cire mayafin daga goshi ta miƙe tsaye a hankali.

"Malam," ta ce. "Fito mana."

Baba bai fito ba. Ƙafafunsa kawai muke gani, da gudumar a gefensa.

Tsigi ta zo ta leƙa ƙarƙashin motar, ta ɗago ta dubi ubanta.

"Abba, Kaka ya karya mana mota."

Yaya ya ɗauke ta ya matse ta a ƙirjinsa. Ta yi ta mutsu-mutsu tana cewa zafi, tana roƙonsa ya sauke ta, amma bai sake ta ba.