Ciwon Bayan Nuzhat

A yi mini afuwa. Ni karatu na sani, rubutu yau na fara, kuma na rasa abin da zan fara da shi sai maganar da a unguwarmu ta birnin Multan ko tsofaffi sai sun rufe taga kafin su taɓa ta. In kun ga ina kewaye-kewaye, to labarin ne haka.

Wata mata ce, sunanta Nuzhat. Wajen haihuwar ɗanta na fari aka yi mata ƙari aka ɗinke. Da ta gama arba'in ta koma ɗakin mijinta Taukir, sai kwanciyar aure ta zame mata azaba, zafi kamar an barbaɗa barkono a sabon yanka. Ta cije, ta sake cijewa. Daga baya jikin ya daina neman shawararta, da Taukir ya matso sai ya ɗaure tamau.

Ranar da ya tambaye ta abin da ke damunta, ta buɗe baki ta tarar babu kalma. A gidansu an koya mata sunan kowace irin shinkafa da kowane irin ɗinki, amma daga cibiya zuwa gwiwa ba a raɗa wa komai suna ba. Sai ta ce, "Bayana ke ciwo."

Taukir mutumin kirki ne, irin kirkin da ba ya kwana da magana sai uwarsa ta ji. Kafin a gama karin kumallo uwar tasa, Ammi, ta ɗaura ɗamara. Aka murje bayan Nuzhat da man riɗi mai ɗumi. Aka gasa bulo aka naɗe a tsumma aka ɗora mata. Aka ɗura mata madara da kurkur har ƙamshin ya bi gashinta. Aka kira Fufo Shamim, gwaggon Taukir, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ta zo tana taya tausa. Duk faɗin unguwar babu bayan da ya samu gata irin wannan, shi kuwa lafiyarsa lau, ko kunya bai ji ba.

Taukir ya koma yini a saman gida wajen tantabarunsa. Wata rana ya tarar da ita a tsakar gida ta sunkuya tana wankin zannuwan gado.

"Bayan nan naki akwai wayo," in ji shi. "Yana wanki, yana shara, yana goyo. Sai ya hango ni yake tashi."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? In ni ne ba kya so, faɗa mini, ba sai an ƙarar da man riɗin garin nan ba."

Ta buɗe baki. Kalmar dai ba ta zo ba. Ya jira, ya jira, ya juya ya hau sama. A ranar ta gane cewa in ta ci gaba da shiru, bayan zai samu lafiyar da ba ya nema, auren kuma ya mutu a tsaye.

Da bulo ya gaza, Ammi ta yarda a je asibiti, amma ita ce a gaba. Amarya ai ba ta magana da likita alhali surukarta na da baki.

Likitar, Dakta Gulnaz, ta dubi Nuzhat. "Ina ne ke ciwo?"

"Baya ne," in ji Ammi. "Daga nan zuwa nan. Yaran yanzu, haihuwa ɗaya sun zama fanko. Ni bakwai na haifa, washegari ina murza gurasar roti."

"Yaushe ya fi tashi?"

"Bayan sallar isha'i," in ji Ammi. "Sanyi ne."

Likitar ta ajiye biro. "Baiwar Allah, bayan naki ne ko nata?"

"Na gidana ne."

"To gidan ya ɗan jira a waje, zan duba ta."

"Ni na yi mata jego. Me zan gani da ban gani ba?"

"Yau ki hutar da idon."

Da ƙofa ta rufu, likitar ta ce, "Nuna mini da hannu." Nuzhat ta kai hannu baya, kamar yadda ta saba. Hannun ya tsaya, ya zagayo gaba a hankali.

"Na san za a rina," in ji Dakta Gulnaz. "Rabin matan garin nan bayansu a gaba yake."

Nuzhat ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

Likitar ta duba ta a hankali, ta ce babu wani ciwon sanyi. Wurin ɗinkin ne ya warke a ɗaure, ga shayarwa tana kawo bushewa, tsoro kuma ya zo ya ƙulle sauran. Ta faɗi sunan kowane wuri ɓaro-ɓaro, kamar mai lissafin kayan miya, rufin ɗakin kuma bai faɗo ba. Ta ba ta man santsi na lokacin kwanciya, ta koya mata yadda za ta riƙa tausa tabon da sassauta jikinta da numfashi.

"Kuma ki daina cijewa. Duk ranar da kika daure, jikin ya ƙara haddace tsoro. In da zafi, a tsaya. Mijin ya san ina ne?"

Nuzhat ta girgiza kai.

"To maganin rabi ne sai ya sani. Ki gaya masa da bakinki. In kin dawo, shi za ki kawo mini, ba wadda ta haife shi ba."

A gida, kafin Nuzhat ta cire mayafi, Ammi ta zazzage jakar maganin a gaban maƙwabta biyu da suka shigo jin labari. Ta matso man a tafin hannu, ta shinshina, ta mulka a gwiwarta mai ciwo.

"Ba yaji, ba ɗumi, santsi kawai," ta ce. "Maganin da ba ya zafi ai wasa ne."

"Zafin a ciki yake yi," in ji wata maƙwabciya. "Ɗan ɗiga mini a kafaɗa."

Gardama ta kaure, wannan na rantsuwa kafaɗarta ta saki, Ammi na cewa bulo ya fi. Fufo Shamim dai ta ɗauki robar man ta juya ta, ta dubi Nuzhat tsawon lokaci. Sannan ta matso kamar za ta gyara mata goyo, ta cusa mata ita a cikin mayafi.

"A zamaninmu ba a sayar da wannan," ta raɗa mata. "Ni nawa bayan sai ranar da aka binne mijina ya warke." Ta karɓe jaririn. "Tashi, 'yata. Yana sama."

Nuzhat ta zare takalmanta ta riƙe a hannu. Ta bi jikin bango ta kama matakala, tana maimaita kalmar a ranta don kada ta kuɓuce kafin ta kai. Ammi na can tana nuna wa maƙwabta yadda ake naɗe bulo, ba wadda ta waiwayo.