Kafireton Bappa

Shekarar da aka koma tuƙin hannun dama, Bappa direba ya matsa wa Amaechi, bakanikensa na Sabon Gari, sai ya sa wa Fijonsa babban kafireto irin na masu tsere.

"Za ta yi gudu, Malam," in ji Amaechi, "amma ƙarfin jan kaya zai ragu."

Bappa ya yi kunnen uwar shegu. Ranar da ya ɗauko buhunan masara daga Samaru, mota ta kafe a taɓon Basawa, inji na ta kururuwa, ta ƙi gaba. Da ya koma neman tsohon kafireton, tuni wani soja ya saye. Haka ya ƙare damina yana sauke rabin lodi a gindin kowane tudu.