Alkamar da Ta Koyi Makara

Alkamar gidan Bhagirath gado ce, mai tauri, mai baƙin gemu, irin wadda ake ɓarzawa a yi fate. A ƙauyenmu na ƙasar Malwa kowa ya koma irin kanti, shi kaɗai ya kafe. Wajen tauri, alkamar ma ba ta kai kansa ba.

Sai dai buhunansa raguwa suke kowace shekara. Alkamar tana tsayi, kore shar, amma ba ta fid da kai sai iskar zafi ta kusa, ta riski ƙwaya da ruwanta, ta sa ta motse. Ɗansa Devilal ya gaji, ya ce daga bana za a niƙe irin a cinye.

Kesar, matar Bhagirath, ce ta ɓaro zancen, tana tankaɗe.

"Da aka kawo ni gidan nan, tun kafin bikin Holi na ƙarshen sanyi muke gashin tumu har mu ture. Yanzu sai in karaɗe gona ban cika hannu ba."

"Wanne kike yankowa?" in ji Bhagirath.

"Wanda ya fara cika mana, Maigida. Da marar ƙwaya zan gasa maka?"

Iri kam daga abin da ya rage Bhagirath yake ɗiba. Tun zamanin ubansa suna cinye mai sauri, suna shuka mai nawa.

Ya bi gonar layi-layi, yana ɗaura tsumma a duk zangarniyar da ta riga 'yan'uwanta. Ba su cika kwando ba.

Da yammacin da ake hura wutar Holi kowane magidanci kan jefa zangarniyar fari a wuta don albarka. Bhagirath ya ƙi yanko ko ɗaya cikin waɗanda ya ɗaura wa tsumma, ya zo hannu wofi, kunya kamar ta kashe shi.

"Yaya, rowar taka har da wuta?" in ji maƙwabcinsa Mangilal.

"Ta ci rabonta tun ba a haife ka ba."

Bayan girbi ya juye ƙwayar a gaban ɗansa. Da ƙyar za ta shuka fili kamar tsakar gida.

"Baba, kafin wannan ta cika gona fa?"

"Da sauran shekaru."

"To sauran gonar?"

Ya daɗe yana juya ƙwayar a tafin hannu.

"Sayo na kantin," ya ce. "Wannan kuma ba ta ci ba ce, ko bayan raina."