Ruwan ne zai kwanta

Kalmomi kaɗan ne suka biyo maigidana Malam gida daga asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin ma ya ɗan karkace. Yana iya cewa "to", yana iya cewa "a'a", sai wata kalma da ba ya fito da ita sai rana ta kusa faɗuwa: "Kwanta."

Da rana ba shi da rigima. Mukan tura kekensa na marasa lafiya gaban tankin kifinsa da ke falo, ya yi ta kallo har barci ya ɗan sace shi. Tankin gilashi ne, tsawonsa ya kai na doguwar kujera, ruwan ciki na gishiri ne irin na teku, da hannunsa yake haɗa shi. Akwai duwatsu masu ramuka, da murjani mai rai da ke buɗewa kamar fure, da wani kifi rawaya, da wasu jajaye guda biyu masu ratsin fari. A jikin gilashin an liƙa 'yan injuna masu kama da fanka, su ke tura ruwan yana kai-kawo. Tun da ya bar aiki hidimarsa ke nan. Ni abin da ya koya mini shi ne ba su abinci, goge gilashi, in ruwa ya ragu in ƙara marar gishiri. Sauran duk nasa ne.

Amma da zarar fitilar tankin ta fara dusashewa da kanta da yamma, sai ya ce, "Kwanta." Mu tura shi ɗaki, ya damƙe bakin ƙofa da hannun hagu yana "A'a! A'a!" Mu dawo da shi falo, ya sake cewa, "Kwanta!" Haka muke yi kullum har ya gaji ya yi shiru, hawaye na bin gefen bakin da ya karkace.

Ƙanwarsa, wadda yara ke kira Goggo, ta tare a gidanmu don jinya. Ita ba ta raga masa ko yana ciwo.

"Yaya, kai fa tun kana da baki ba ka san abin da kake so ba," in ji ta. "Ka zaɓi ɗaya mana, bayana ba na roba ba ne."

Babban ɗanmu bai ga abin dariya ba. Shi ke ɗaga uban zuwa banɗaki, shi ke yi masa aski, kullum in ya taso aiki nan yake fara biyowa. Ran nan ya same ni a kicin ya rage murya.

"Umma, tankin nan ne ke tayar masa da hankali. Dubi rawayan nan yadda ya rame, murjanin ma ya daina buɗewa. Yana ganin suna lalacewa, ga shi ba ya iya komai. Kuma likita ya ce ciwon kan taɓa tunani. Na yi magana da mai shagon kifi, gobe zai zo da mota ya kwashe."

"Ka tambayi mai shi?"

"Umma, in tambaye shi ya ce mini me?"

Na san don tausayi ya yi. Amma na san kuma in aka fitar da tankin nan, bango kawai Malam zai riƙa kallo, kuma kowa a gidan zai ɗauka cewa hankalinsa ya riga ya tafi.

Da yammar ranar, da ya ce "Kwanta", Goggo ta miƙe tana gyara ɗaurin zani. Na ce ta bar shi tukuna.

"Matar Yaya, ke ma kin shiga layin?"

Na jawo tabarma na zauna kusa da ƙafar keken. Ban tambaye shi komai ba. Duk zamanmu Malam bai taɓa yi wa mutum magana yana kallon wani wuri ba. Ya sake cewa "Kwanta", sai na ga ba ni yake kallo ba, ba Goggo ba. Na bi idonsa.

Kifin rawayan ya nufi wani rami a jikin dutse, ya sa kai, ruwa ya fizgo shi waje. Ya zagayo ya sake gwadawa, aka sake watso shi. Jajayen biyu kuwa suna ta kaɗa jela a wuri ɗaya, kamar masu gudu a kan tudu. Na yi shiru ina sauraren ƙarar tankin. A da, in na gama wanke-wanken dare na fito falo, 'yar ƙara ce siririya nake ji, sai ka kasa kunne. Yanzu ƙarar rana ce ba ta sauka, ruwa na ta dukan gilashi.

"Malam," na ce, "ruwan ne zai kwanta?"

Ya juyo. Ya bugi hannun keken da tafinsa. "To! To!"

Ɗanmu da ke tsaye bakin ƙofa ya matso. Ya ce lokacin da Baba ke asibiti an ɗauke wuta, da ta dawo shi ya murɗa maɓallin injunan har ƙarshe, don mai shagon ya ja masa kunne kada ruwa ya tsaya.

Ni kuwa don zumuɗi ban tsaya neman maɓalli ba, na miƙa hannu bayan tankin na zare wayar. Ruwan ya tsaya cak.

"A'a!" Malam ya ɗaga hannu. Jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓensa na rawa, kamar mai ɗaga buhu. "Kwanta... ba... mutu ba."

Tun ranar da ya faɗi ba mu ji ya jera magana haka ba.

Goggo ce ta fara magana, tana share ido da gefen mayafi. "Ka ji ɗan rainin hankali! Ashe da magana a cikinka ka bar ni ina tura keke kamar mai dako?"

Malam ya yi wata dariya ta gefe ɗaya.

Ɗanmu ya durƙusa ya mayar da wayar. Ya kama maɓallin yana sassauta shi a hankali, idonsa a kan uban. Ƙarar ta fara sauka. Murjanin da ruwa ya danne gefe ɗaya ya miƙe yana 'yar rangaji. Malam ya ɗaga yatsa, yaron ya tsaya. Saman ruwan na motsi kaɗan-kaɗan, bai tsaya ba. Kifin rawayan ya shige raminsa, wannan karon ya zauna.

Yaron ya kira mai shagon ya ce ya bar motar. Ina jin mutumin daga wayar yana cewa ai da dare kifi na son hutu, a rage, amma kada a kuskura a kashe, iskar cikin ruwa takan yi ƙasa in duhu ya yi. Da rana kuma a ƙara don ruwa ya wanke wa murjani datti. Malam na gyaɗa kai kamar mai duba aikin ɗalibi.

Godiya nake wa Allah a zuciyata, da Ya sa na zauna a tabarmar nan kafin gobe ta yi.

Da ya kashe wayar, ɗanmu bai tashi daga durƙuson ba. Ya daɗe yana kallon maɓallin.

"Baba," ya ce, "da safe ina ake mayar da shi?"

Malam ya miƙo hannun hagu ya kama wuyan hannun ɗansa, ya ɗora shi kan maɓallin, ya fara juya shi sannu a hankali.