Gwangwanin da Ke Ƙarƙashin Sirdi

Ni mai gyaran keke ne, kuma a duniya ba abin da na tsana kamar keke mai surutu. Don haka da Yaya ya aiko da nasa a gyara birki, ban tsaya a birki ba. Na ɗaure madigadi, na zuba wa sarƙa mai, sai na leƙa ƙarƙashin sirdi na ga tsohon gwangwanin madara ɗaure da waya, da tsakuwa a ciki. Na ce aikin yaransa ne, na kwance na jefa a jakar kayan aikina. Da yamma na kai keken na jingine a ƙofar ɗakinsa.

Yaya mai gadin gandun daji ne. Kullum da sassafe yake zaga hanyoyin ciki a kan keke, yana duba shinge da tarkon mafarauta. Washegari na biya gidan don in karɓi yabo, na tarar ya fita, matarsa tana wanke-wanke.

"Matar Yaya, kin ga aiki? Har wancan shirmen gwangwanin na cire."

Kwanon hannunta ya suɓuce. "Injiniya, ka kashe ni! Ƙarar nan ce ke sa ɓauna ta ji mutum tun daga nesa ta bar hanya. In ka faɗo mata shiru ba zato, sai dai a ɗauko ka."

"Haba, ai da ya ji keken shiru zai juyo."

Ta buɗe baki, ta rufe. Sannan ta ce, "Kai dai bi shi. Hanyar tafki ya yi."

Na haye kekena, ban san lokacin da na wuce mai tsaron ƙofar gandun ba. Hanyar kuwa siririya ce, yashi nan, saiwar itace can, ciyawa ta fi ni tsawo dama da hagu. Sawun tayarsa nake bi, gwangwanin yana ta kacau-kacau a jakar bayana. Sau biyu tayar gaba ta nutse a yashi na kusa kifewa. Ina tuƙi ina zagin kaina: wa ya aike ka, sarkin iyayi?

Daga kan wani tudu na hango shi a gangare, yana gab da shan kwana. Na ƙwala masa kira har maƙogwarona ya yi zafi. Ko waiwaye bai yi ba. Na ce iska ce ta kwashe muryar.

Da na sha kwanar, sai na damƙe birki.

Yaya na tsaye, ya gitta keken a gabansa. Taku ashirin daga inda yake, ga ɓauna a tsakiyar hanya, da ɗanta a gindinta. Ta ɗaga hanci, ta sunkuyar da kai, ta sake ɗagawa. Wallahi har tona ƙasa take yi da ƙafar gaba. In na yi ihu, za ta iya zaburowa. In na yi shiru, Yaya ne mafi kusa da ƙahonta.

Na zaro gwangwanin a hankali. Na fara kaɗa shi sannu-sannu, yadda zai yi ƙara in keke na tafiya, ƙarar da ta saba ji kowace safiya. Kunnuwanta suka juyo wajena. Ta yi huci. Ban fasa kaɗawa ba. Can ɗan ya kutsa cikin ciyawa. Uwar ta ƙara kallonmu kamar ba za ta tafi ba, sannan ta bi shi.

Na ƙarasa, gwangwanin a hannuna yana ƙara, na taɓa kafaɗar Yaya. Ya zabura kamar an ɗana masa wuta.

"Auta! Me ya kawo ka nan?" Ya share fuska, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka ga ikon Allah? Yau gwangwanina bai yi aiki ba. Tun daga gida nake jin ƙararsa a ƙarƙashina, amma ta ƙi kaucewa."

Na dube shi. Na tuna shirun matarsa, na tuna kiran da na yi a kan tudu. Na tuna kuma cewa aikin nan shi ke riƙe da gidansa, kuma ba a barin wanda ba ya ji ya shiga daji shi kaɗai. Tausayinsa ya kama ni.

Na ɓoye gwangwanin a bayana. Da ya juya yana shan ruwa, na durƙusa kamar mai duba birki, na mayar da shi inda na same shi.

"Yaya, daga gobe tare za mu riƙa fitowa," na ce.

Bai amsa ba. Sai da na miƙe na tsaya a gabansa, na maimaita yana kallon bakina.