Makon Sharar Herr Eisele

"Bai buɗe ba," in ji Nino. "Sau huɗu na danna ƙararrawa."

Talata ce, ƙarfe goma da kwata. Nino 'yar ƙasar Jojiya ce, tana karatun harshe da al'adun Jamusawa a jami'ar Tübingen, a nan Jamus, tana haya a ɗakin saman benenmu. Duk Talata da goma takan zauna da Herr Eisele, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ta naɗi hirarsa don kundin digirinta. Bai taɓa makara ba.

Na sauko da ita hawa na biyu. Ta kasa tsayawa wuri ɗaya: ta hau matakala uku, ta sauko, ta manna kunne a ƙofa.

Frau Kübler, maƙwabciyarsa, ta leƙo. "Wane irin buge-buge ne wannan? Lafiyarsa ƙalau. Makon shararsa ne, kuma ran Asabar ya share bene tas. Na duba da yatsana."

A gidanmu ba wanda ke ƙwanƙwasa wa wani ƙofa don gaisuwa. Matakala ake kallo, don kowane mai haya da makon da yake share su. In an share, mai sharar yana nan.

"Ni na share," in ji Nino.

"Ke wa?"

"Na ga har tara bai fito ba. Gwiwarsa na damunsa. A garinmu ba a barin tsoho da tsintsiya."

"Wa ya aike ki, 'yar boko? Shekara talatin wannan mai taurin kan bai bar kowa ya taɓa masa bokiti ba!"

Aka kira 'yan kwana-kwana, suka ɓalle ƙofar da sha ɗaya saura. Yana kwance a banɗaki, takalmi ɗaya a ƙafa. Likitar da ta zo tare da su ta ce da alama ya faɗi tun safiyar Asabar, ya cika wajen Lahadi da yamma.

Nino ta bi Frau Kübler har bakin ƙofarta. "Da ban share ba fa?"

"Da sha biyun Asabar ina nan ina masa masifa," in ji Frau Kübler. "Da na ji shi."

Nino tana da darasi ƙarfe biyu. Ta saɓa jaka ta fita, ta kai tashar bas, ta dawo. Ta sake fita, ta sake dawowa.

A dawowa ta uku ta tarar da ƙofar Frau Kübler a buɗe. Daga ciki buta na tafasa, kofi biyu a kan tebur.