Shuɗin Fetur a Motar Don Fulgencio

Karo na uku ke nan cikin wata biyu jar motar tseren Don Fulgencio tana dawowa garejin Casimiro da ciwo ɗaya: sensa biyun nan na jikin salansa, masu auna iskar hayaƙi, sun sake mutuwa. Wannan karon tsohon da kansa ya zo, ɗansa Wilkin na bayansa yana kaɗa makulli. Bai kuma shiga ciki ba. Ya tsaya bakin titi, inda 'yan acaɓa ke cin soyayyar ayaba, don kowa ya ji.

"Jabu kake saka min, ɓarawon banza! Kaya masu kyau kuma ka kai kasuwa, ko?"

"Ai na gaya maka, Baba," in ji Wilkin. "Wannan ko gyaran keke bai iya ba."

Ran Casimiro ya ɓaci ƙwarai. Shekara ashirin da shida yana kanikanci a garin Mao, bai tara komai ba sai suna, kuma a garin nan in Don Fulgencio ya ce kai ɓarawo ne, to ka zama. Ya shige ƙarƙashin motar, salansa na ƙona masa hannu, ya kwanto sensa ɗaya. Bakinta ya yi fari kamar an tsoma a toka. Ya zura tiyo a tanki, ya zuƙo mai cikin kwalba, ya ɗaga ta a rana. Shuɗi ne.

"Don Fulgencio, wane gidan mai ne ke sayar da shuɗin fetur? Wannan na jirgin sama ne. Dalmar da ke ciki ita ke kashe sensa. Ko sau ɗari na canza, sau ɗari za ta mutu."

Wa bai san Wilkin ke zuba wa jiragen feshin gonakin ayaba mai ba? Wa bai san tseren da yake yi da motar ran Lahadi a bayan idon ubansa ba?

Don Fulgencio ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi takalminsa. Tsohon ya karɓi kwalbar, ya tuntsurar da ita a kwata.

"Ni ban ga wani shuɗi ba. Wilkin, kira a ja motar." Ya juya ga 'yan acaɓa. "Wanda ya sake kawo masa aiki, kada ya zo ƙofata neman komai."

Casimiro na tsaye da sensar a hannu, yana kallo, wani mai babur da ya kawo gyara tun safe ya tashi a hankali, ya tura abinsa waje.